Lasau da Takardar Hoton Inna

Ku da kuka san Malam Mamman Lasau, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa miƙa masa takarda ya karanta ta kafin ya kai ta baki? Babu! Ka ba shi katin ɗaurin aure, sai ya juya shi gaba da baya, ya kaɗa shi kusa da kunne, ya lashi kusurwar, ya lumshe ido yana taɓe baki. Sai ya gama duk wannan sannan ya tambaye ka wa ke auren. Nan sunan Lasau ya samo asali, ya kuma danne na yanka, har ranar jana'izarsa an ji wani a ƙofar gida yana tambaya wane Mamman ne ya rasu.

Lokacin da hawan jini ya fara kayar da shi muka kai shi asibiti, mutum ko zaman kirki ba ya iya yi. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta kati ta miƙa masa. Kafin in riƙe hannunsa har ya kai baki.

"Baba, lafiya? Wannan kati ne, magani yana can taga."

"Na sani, 'yata. Katin naku ne ba shi da lafiya. Tsami gare shi, ba zai ga damina biyu ba."

"To yanzu ya kake so a yi, Baba?"

"Ki nema masa gado kusa da nawa."

Ni Talatu taubashiyarsa ce. Mahaifinsa, Kawu Isa, da Innata uwa ɗaya uba ɗaya suke, 'yan Mahuta. Shi ɗan namiji, ni 'yar mace, don haka tun muna yawo ba takalmi "baiwa" yake kirana. Na yi aure a Malumfashi, na yi jikoki, na sauke farali, duk bai canza ba. Ni kuma ina ce masa ubangidan da bai taɓa ɗinka wa baiwarsa ko ɗankwali ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa yau haƙƙina ne, kada wanda ya ce mini a bar mamaci ya huta. Shi ya bar ni na huta?

Sana'arsa kun san ta. Shagonsa na nan bayan tasha a Funtua, kuma tun zamanin da motocin auduga ke yin layi har bakin titi yake ɗaukar hoton jira-ka-karɓa. Ya ɗauke ka, ya zaro takardar daga kyamara, ya cusa ta a hammata ta ji ɗumi, ya ɓare ta biyu, sai ga ka nan kana zare ido. Ranar kasuwar Bakori ya ɗaure kaya a bayan babur, wani lokaci har Maska. Wannan duk masu hoto suna yi. Abin da ba wanda ke yi a ƙasar nan sai shi, shi ne feɗe hoto.

Wata safiya a teburin mai shayi, hoton wani direba ya suɓuce masa ya faɗa robar ruwan zafin da ake ɗauraye kofuna. Kafin ya gama faɗa da mai shayin a kan wa ya ajiye roba a nan, sai ga fuskar direba ta saki takarda ta taso saman ruwa ita kaɗai, siririya kamar yanar kunu, tana lilo. Da wani ne da salati zai yi ya zubar. Mamman kuwa ya yage murfin kwalin sukari, ya tura ƙarƙashinta ya kwaso, ya baje ta da yatsa. Direba ya dawo ya ga kansa a jikin kwalin sukari, hanci a karkace, ya rantse ba zai karɓa ba. Mamman ya ce dama ba zai bayar ba.

Daga ranar ya gane cewa hoto duk fatar nan ce ta sama, takardar da ke ƙasa goyonta kawai take yi. In takarda ta ruɓe, ana iya feɗe fatar a sauya mata wata. Wani lokacin ma ba ya bari sabon hoto ya nuna, sai ya ɓare da wuri ya manna ɓangaren mai tawada a jiƙaƙƙiyar takarda, ya murza da kwalba, hoton ya fito kamar da hannu aka zana. Da wayoyi suka zo suka karya kasuwar masu hoto, fim ɗin ma ya yi wuyar samu, aikin fiɗar nan ne ya riƙe shi. Mutane su kawo tsofaffin hotunan da danshi ya ci bayansu, ya feɗe, ya shimfiɗa su a sabuwar takarda. Ɗana Kabiru ya taɓa nuna masa a waya cewa Turawa ma suna yin haka. Ya kalla, ya sake kalla, fuska a murtuke.

"Wa ya gaya musu?"

"Kawu Mamman, ai sun daɗe suna yi."

"Mai shayin nan ne. Dama bakinsa ba ya shiru."

To ga inda ni na shigo. Innata ba ta yarda da hoto ba ko kaɗan, in ta hango kyamara sai ta ja mayafi ta ba da baya. Duk duniya hotonta ɗaya ne, shi ma sata Mamman ya yi ranar sunan Kabiru, tana zaune da faifai a cinya tana tsintar shinkafa. Bayan rasuwarta na sa shi a ƙasan akwatin ƙarfe. Wata damina ɗakin ya yi yoyo ta bayan akwatin ban lura ba. Ranar da na buɗe, bayan hoton ya yi funfuna, gefensa yana marmashewa, wani baƙin tabo ya taso daga ƙasa ya riga ya cinye faifan. Saura hannu da fuska. Kabiru ya ɗauka a waya, amma abin da ya fito dishi-dishi ne, ina kallo ba na ganin uwata. Na naɗe hoton a gyale na shiga motar Funtua.

"Ubangida, ga Gwaggonka. Ka cece ta."

Ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci ya shinshina.

"Kai, baiwa, kin iya ajiya! Ai da a rijiya kika sa shi da ya fi haka bushewa."

"Za ka yi ko ba za ka yi ba?"

"Zan yi mana. Sai dai babu takarda."

Na ɗaga kai na dubi shagon. Takardu ne jibge tun daga ƙasa har rufi, ko wurin ajiye ƙafa da ƙyar.

"Waɗannan fa? Tuwo za ka tuƙa da su?"

"Waɗannan na mutane ne. Gwaggo ce fa, Talatu."

Ya shanya hoton a inuwa, ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya sa a gwangwani da 'yan gutsattsarin gawayi don su shanye danshi. Ya ce tabon zai rage gudu amma ba zai tsaya ba, duk damina sai ya ɗan matsa. Na ce to ai sai ka yi sauri. Ya ce fatar hoto sau ɗaya ake ɗaga ta, in ta kwanta a takardar banza ta kwanta ke nan. Haka na koma Malumfashi hannu biyu, ni a zatona zancen mako ɗaya ne ko biyu.

Ina! Ashe neman takarda ne aka buɗe, wanda ya tashi hankalin gari guda. Direbobin Kano da na Kaduna duk ya ba su saƙo. Kowa ya kawo, ya lasa, ya ce, "Ba ta yi ba." Har yaran tasha suka ɗauki maganar, in mai kunu ta zuba musu sai su kurɓa su ce ba ta yi ba. A cewarsa takardar da aka yi da itace tsami gare ta, tsamin nan shi ke sa ta ja, ta karye, ta ci hoton da ke kanta. Ta auduga zalla yake nema, mai kauri, wadda za ta sha ruwa ta bushe ba ta motsa ba.

Kuma bai yarda da harshensa kaɗai ba. Duk wadda ta ɗan ba shi sha'awa sai ya yanki tsiri, ya tsoma a ruwa, ya kafe da ƙusa a katangar bayan gida inda rana ke duka, ya bar shi ya sha zafi ya sha ruwan sama. Wadda ta yi ja ta faɗi jarrabawa, wadda ta nannaɗe ma haka. Wata rana akuyar matarsa Kande ta tsinke igiya ta bi katangar nan ta cinye tsirarrakin kaf, ta bar guda ɗaya tak. Na zo bin sawun hotona na iske shi baki har kunne.

"Baiwa, zo ki ga ikon Allah! Duk na itace ta cinye, don ta ji ƙanshin ganye. Mai auduga ta bari. Wallahi akuyar nan ta fi masu shagunan Kano da Kaduna ilimi."

"To sai ka ɗauke ta aiki."

Ya sa aka zuba mata dusa har da kanwa, yana shafa mata wuya yana sa mata albarka. Muna tsaye ta gama lashe kwano, ta ji ƙarfi, ta miƙe a kan ƙafafun baya ta fizge wanda ya ragen, ta taune shi a gabanmu. Ashe da farko tsawonta ne bai kai ba. Mamman ya daɗe yana kallonta, ita ma tana kallonsa.

"Kande! Saura wata nawa Babbar Sallah?"

Tafiyar Zariya kuwa, wannan da ni aka yi. Cikin azumi aka aiko masa cewa wani shago a Samaru, inda masu koyon zane ke sayen kaya, ya sauke takardu masu kyau, in bai zo da wuri ba za su ƙare. Ga shi da azumi a baki. Limamin unguwarsu ya ce masa in dai lasa ce bai haɗiye ba babu komai. Ya ce shi bai iya lasa ba haɗiya ba. Sai ya tuna da abokinsa Nomau, wani Bamaguje manomin auduga da dawa a wani ƙauye bayan Malumfashi, wanda suka shaƙu tun suna samari. Nomau ba ya azumi, kuma mutum ne da ba ya ƙin tafiya. Da suka biyo ta gidana na ce ƙafata ƙafarsu, uwata ce ake wa wannan wahalar.

Mai shagon saurayi ne mai fara'a, ya baje mana takardu a kan tebur. Mamman ya ɗaga ta farko ya haska a ƙofa.

"Ba ta da jiki. Tana shan ruwa za ta yi tudu da kwari kamar kunyar dankali."

Ya shafa ta biyu da tafin hannu.

"Ka ji ramukan nan? Iska za ta maƙale ƙarƙashin fata, Gwaggo ta fito da zanzana."

"Alhaji, ga wannan fa, fara tas."

"Ni ba Alhaji ba ne. Wannan kuma bilicin aka yi mata. Farin da ba na Allah ba, kwana kaɗan zai koma tabo-tabo."

Guda ɗaya ce ta tsallake, mai kauri, mai sulɓi daidai, launin madara. Ya kaɗa ta a kunne, ya gyaɗa kai, ya miƙa wa Nomau kusurwar.

"Lasa."

Nomau ya lasa.

"Me ka ji?"

"Takarda."

"Na san takarda ce! Tsami ko garɗi?"

"Tsaya in ƙara." Ya gutsuri kusurwar ya tauna a natse, ya haɗiye.

Mai shago ya dafe kai. "Baba, kayana ne fa kuke ci!"

"Mamman," in ji Nomau, "gaskiya ni goron da na ci a mota nake ji."

Aka kawo ruwa ya kurkure baki ya sake gutsura, ya ce yanzu kuma ruwan randa yake ji. Mamman ya ja benci ya zauna a ƙofar shago, ya ce babu inda za shi sai rana ta faɗi. Saurayin nan yana son ya rufe ya tafi gida shan ruwa, ga kunyar tsofaffi. Haka muka zauna tun la'asar. Ana kiran magariba kowa ya kai dabino baki, ubangidana ya yi bisimilla ya buɗe baki da takarda. Ya lumshe ido, muna ta kallonsa, har mai shagon ya manta da kununsa.

"Algus. Rabi auduga, rabi itace. Ba ta yi ba."

Nomau ya ce, "To ni me ya kawo ni Zariya?"

"Kai shaida ne."

Dole muka sayi wadda suka gutsura. Nomau ya tafi da ita gida ya ce zai naɗe irin kabewa.

Muna dariya muna dariya, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Duk lokacin da na je Funtua sai na sa ya buɗe gwangwanin. Tabon ya haye yatsun Inna, ya kama wuyan hannu. Sannan ciwon nan ya sake bugun Mamman, ya tashi da rawar hannun dama. Na ga ya ɗauki kofin shayi rabi ya zube a riga kafin ya kai baki. A ranar dariya ta ƙare mini. Tsoro na ji wallahi, tsoron kada tabo ya kai fuska, ko hannun ya ƙi gaba ɗaya, ko mutuwa ta ɗauki ɗayanmu hoton na cikin gwangwani.

"Ba ni hotona," na ce masa. "Kaduna zan kai, masu kwamfuta su gyara."

"Su ba ki hoton hoto? Baiwa, wannan fatar ta ga Gwaggo. Hasken da ya taɓa fuskarta ran nan shi ne kwance a nan. Nasu bai san ta ba."

"To ka yi mana! Ka zauna kana lasar takardu kamar ɗan akuya, uwata tana ruɓewa. Ko tsoro kake ji ne, ka faɗa mini?"

Na fashe da kuka a shagon, mutane na wucewa. Ya matse hannun da ɗaya, sannan ya ɗago.

"Farin zanen saƙin nan na Gwaggo, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta daga audugar gonar Mahuta, yana wurin wa?"

"Yana wurina."

"Kawo shi."

"Ka yi me da shi?"

"In daka."

Na ce lallai ciwon ya taɓa kai. Ya ce a'a, tunda duniya ta ƙi yi masa takardar auduga zalla, shi zai yi abarsa, kuma babu audugar da ya sani asalinta kamar wannan. Na koma gida na kwana ina juyi. Zanen nan shi kaɗai ne kayan Inna da ya rage mini, in na buɗe shi har yanzu ina jin turarenta. In aikin ya ɓaci, ba zane ba hoto. Da safe na zauna da reza na warware ɗinkin, na raba shi biyu, na kai masa rabi.

"Rabi? Kai, rowar baiwa ba ta tsufa."

"Karɓi ko in koma da shi."

Ya yayyanka shi ƙanana da almakashi, ya dafa da ruwan toka a tukunyar Kande, ya yi ta wankewa har ruwan ya daina santsi. Maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga tana tambaya me ake dafawa haka tun safe babu ƙanshi. Kande ta ce, "Zane ne, ki aiko da kwano." Daga nan aka zuba a turmi. Kande tana daka tana mita, wai ita da ta auri mai hoto don ta huta da surfe, ga ta tana surfa tsumma da furfura. Ya dama dakakken a baho, ya tsoma ragar taga da ya kafe a katako, ya ɗago, ya kife a kan ƙyalle, ya ɗora allo, ya sa aka danne da buhunan masara. Da aka ɗaga, abin da ya fito ya fi kama da wainar da ta ƙi tashi, ko'ina gudaji. Washegari sai ga direba a ƙofar gidana da saƙon baki: wai ubangida ya ce a kawo ɗaya rabin.

Na zage Mamman tas a gaban direban, direba yana cewa shi ɗan aike ne. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko, na rungume shi na ɗan jima, na bayar.

Wannan karon ya sa an daka har ya zama kamar kamu. Ya sake ɗago takarda da ragar, ya shanya a inuwa, ya shafe ta da tsinkakken ruwan ƙaro don kada ta riƙa zuƙar ruwa fiye da kima, ya yi ta goge ta da gindin kwalba a kan allo. Ranar da ya aiko in zo, na iske takarda a kan tabarma, ba fara ƙal ba, farin zanen Inna sak. Ya ɗauka ya kaɗa, ya lashi gefe.

"Da dama," ya ce.

Kande ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Da hantsi muka zauna a tsakar gida da faranti biyu masu zurfi, ɗaya na ruwan zafi ɗaya na sanyi. Na kawo ruwa yana tafasa, ya daka mini tsawa ya ce a sirka, ya yi ta gwadawa da gwiwar hannu yana cewa a ƙara na sanyi. Ya sa hoton a ciki. Buroshinsa gashin zabo ne, don a cewarsa ba zai sayi abin da zabo ke zubarwa kyauta ba. Ya ɗauki gashin, hannu ya hau rawa, ruwan farantin har yana kaɗawa.

"Baiwa, yau za ki yi aikinki na gado. Riƙe mini nan."

Na kama wuyan hannunsa da hannuna biyu. A hankali ya riƙa tura gefen fatar, tana saki, tana saki, har ta rabu da tsohuwar takarda. Ya janyo ta zuwa ruwan sanyi, sai kawai ta dunƙule ta zama wani ɗan tsumma mai yauƙi, ba ido ba hanci.

"Wayyo Allah, ka kashe ta!"

"Yi mini shiru. Haka take yi."

Ya zura takardar zanen a ƙarƙashi, ya ɗago kaɗan, ya fara baje fatar daga tsakiya zuwa gefe. Goshi ya fito. Ɗaurin ɗankwali ya fito. Ashe yawancin baƙin nan a tsohuwar takardar yake, can ya zauna, har yatsun Inna suka dawo, ko da yake faifan ya tafi ke nan. Sai ga idanunta, tana watsa wa mai kyamara harara, don ta kama shi daidai lokacin da ya danna. A gefen bakinta wata 'yar ninkewa ta rage, ta ɗan ja leɓen sama. Ya kai gashin zabo zai miƙar, na ƙanƙame hannun.

"Bar ta."

"Kuskure ne fa. Sunana zai ɓaci."

"Na ce bar ta. Haka bakinta ke yi in ta gama zaginka tana ɓoye dariya."

Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Ya ajiye gashin.

"Ina wuni, Gwaggo," ya ce. "A yi haƙuri, an daɗe."

Shi ne aikinsa na ƙarshe. Bayan an gama kwasar masara ciwon ya dawo, bai tashi ba.

Ranar addu'ar uku na shiga ɗakinsa don in taya Kande kwashe tabarmi. Bangon da na sani cike da tsofaffin hotunan gidan ya zama fili, sai ramukan ƙusa.

"Kande, hotunan fa? Har an raba?"

"Wa zai raba? Shi ya feɗe su. Tun ranar da kika kawo na Gwaggo ya ce bai taɓa ɗaga fatar da ta tsufa ta kuma sha ruwa haka ba, sai ya koya. Ɗaya bayan ɗaya yake jiƙa su, ya bar su su yi funfuna, ya gwada. Na bikinmu, na yara, wasu sun tsira wasu sun tafi."

"Na Kawu Isa fa? Mai farar hula?"

Kande ta zauna a bakin gado.

"Shi ne na ƙarshe. Ya ce ranar sunan Kabiru ya ɗauke shi, kwalin fim ɗaya da na Gwaggo, don haka abin da ya samu wannan shi zai samu wancan. Ya sa shi a tafasasshen ruwa yadda ya saba. Ina tsaye ya narke masa a hannu, Talatu. Kuma ba shi da wani hoton mahaifinsa sai shi."

"Me ya ce?"

"Can ya ce, to yanzu na sani, sai an sirka. Ya kuma ce in na kuskura na gaya wa baiwa ban yi masa adalci ba, don za ki samu abin tsokanarsa har ya mutu."

Na fara dariya, ban san lokacin da ta koma kuka ba. Inna tana nan rataye a ɗakina a kan zanenta, jikokina suna gaishe ta da safe. Kawu Isa kuwa, sai mu 'yan tsirarun tsofaffi da muka rage muke iya tuna kamanninsa.

Allah ka jiƙan Mamman, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya makwancinsa. Fuskar mahaifinsa da ya rasa domina, ya Allah ka nuna masa ita a Aljanna, ya kalla har ya ƙoshi. Amin.